Teburin Bayan Ginshiƙi

Ranar da shugaban ɗakin shayinmu ya ce mini iyalan Oldroyd za su zo shayin la'asar, har ɗan tsalle na yi, ni da gwiwoyina suka daɗe da daina yarda da tsalle. Sai ya ƙara da cewa Clive ɗan Thelma ne ya bugo waya, kuma teburin bayan ginshiƙi ya nema. Nan take gabana ya faɗi.

Thelma Oldroyd ita ta koya mini aikin nan. Na zo otal ɗin nan namu na garin Harrogate ina budurwa, ban ma san ta wane gefe ake ajiye wa mutum kofi ba, na same ta ta riga ta daɗe a ɗakin shayi. 'Yar gajeriya ce, in tana tafiya da tire ba ka jin takunta. Mahaifinta a masaƙa ya ƙare rayuwarsa, mijinta Wilf direban bas ne, ita kuwa shekara arba'in ta yi tana kai wa masu hali butar azurfa da faranti mai hawa uku. Duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa zama a ɗakin ta sha ko kurɓi ɗaya ba. Namu shayin a tsaye muke sha, a bayan kicin, cikin kofunan da bakinsu ya ɓantare.

A waje fa Thelma ba kanwar lasa ba ce. Na taɓa ganin ta tsare mai kifi a kasuwa ta wanke shi tas, har matarsa ta fito tana ba da haƙuri. Amma da ta tura ƙofar ɗakin shayi sai muryarta ta kwanta. Dokarta ita ce a ɗakin nan ba a ɗaga murya, ba a cewa a'a, ba a tashi kafin a gama. Takan ce mini, "In baƙuwa ta ce miki shayin nan ruwan wanki ne, ki ce na gode, Madam, kin kyauta da kika faɗa. Zagin ki adana shi sai kin hau bas." Ba don tsoron kora take haka ba. Ɗakin take girmamawa, kamar yadda wasu ke girmama coci.

Ita ta fara nuna mini teburin bayan ginshiƙi. Mutanenmu ba su iya faɗin mugun labari a gida ba, don a gida mutum na iya fashewa da kuka ko ya jefe ka da takalmi. Sai su ci ado, su kawo shi inda ake kaɗa fiyano, inda kunya za ta riƙe masa baki. A teburin nan na ga miji ya gaya wa matarsa zai bar ta, tana shafa wa burodinta man shanu. Na ga an sallami dattijo daga aiki, ya miƙe ya ba wanda ya kore shi hannu. Suna son teburin ne don ginshiƙin yana ɓoye fuskar mutum, amma ba ya ɓoye murya, saboda haka dole a yi shiru. Thelma tana da 'yar dabararta. "In kika ga mai maganar ya ajiye cokali ya gyara zama, ki je da ruwan zafi," in ji ta. "Ki riƙa ƙarawa a buta a hankali. Ba za ki hana a faɗa ba, amma wanda za a faɗa wa zai samu ya ja numfashi."

Na san labarin da Clive zai kawo, don ba ɓoyayye ba ne. Tun da Thelma ta faɗi a matakalar gidanta a hunturun bara yake son ya kai ta gidan tsofaffi ya sayar da gidan. Ɗan ƙaramin gida ne a unguwar Starbeck, inda ta haife shi, inda Wilf ya cika, da furannin da Wilf ya shuka a bayan kicin har yau suna fitowa. Duk lokacin da ya tayar da maganar a kicin ɗinta sai maƙwabta sun ji amsar. Rannan ma tsumman goge kwano ta jefe shi da shi. Ranar Lahadi da muka fito coci ta kama hannuna ta ce, "Lorna, gawata za a fitar daga gidan nan, ita ma sai sun yi da gaske."

Amma Clive ɗan Thelma ne. Yana yaro a ƙofar kicin ɗin otal yake jiranta in an tashi makaranta. Ya san akwai ɗaki ɗaya a duniya da uwarsa ba ta iya cewa a'a.

Suka zo ana yayyafi. Thelma ta sa hular nan shuɗiya da ta sa ranar aurensa, tana dogara sanda, fuskarta fes, don ce mata aka yi liyafar cikarta shekara tamanin ce. Matarsa Bridget tana riƙe da gwiwar hannunta. Ni na ja su ciki. Da Thelma ta gan ni ta ce, "Lorna, har yanzu kina nan ba su kore ki ba? Miƙe bayanki, 'yar nan, ba kayan wanki kika ɗauko ba."

Na ce, "Sannu da zuwa, Madam."

"Ji ta, wai Madam." Ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ta ji daɗi.

Muka wuce teburin farko na bakin taga, babu kowa a kai. Ta dube shi. Muka wuce na biyu, shi ma a share. Tafiyarta ta ragu, sandar ta daina ƙwanƙwasa ƙasa yadda take yi. Na ga lokacin da ta hango ginshiƙin, na ga lokacin da ta gane. Ba ta tsaya ba. Ta ƙarasa, na ja mata kujera, ta zauna ta shimfiɗa adiko a cinya.

Clive ya ce, "Mama, yau ke ce sarauniya. Duk abin da kike so."

Ta ce, "Wurin nan da duhu."

"Ai ya fi shiru, Mama."

"Ƙwarai kuwa, ya fi shiru."

Na kawo shayin. Babbar mace a tebur ita ke zubawa, saboda haka na ajiye butar na juya mariƙinta wajen Thelma. Ban kai ga ɗauke hannuna ba Bridget ta sa yatsa ta juyo shi wajenta.

"Bari in zuba, Thelma, butar nan da nauyi."

"Shekara arba'in ina ɗaukarta."

"Shi ya sa yau za ki huta."

Ta zuba, ta manta da rariya, ganye ya cika kofin Thelma. Da a kicin ɗinta ne da Bridget ta ji abin da bai yi mata daɗi ba. A nan godiya ta yi, ta kai kofin baki.

Na kawo farantin mai hawa uku: a ƙasa 'yan yankakkun burodi da kokwamba da ƙwai da kifi, a tsakiya sikon, 'yan dunƙulen burodin nan na shan shayi, masu ɗumi a lulluɓe, a sama kek ƙanana. Bridget ta yi ta surutu a kan ruwan sama da tsadar wurin ajiye mota. Clive ko loma bai kai ba. Juya cokali kawai yake a kofin da bai sa wa sukari ba, wuyansa ya yi ja a saman kwalar riga. Ina can gefe ina hidimar wasu mata biyu, amma idona na kansa. Sai ya ajiye cokalin, ya gyara zama.

Na isa da ruwan zafi kafin ya buɗe baki. Na ɗaga murfin butar na riƙa ɗurawa kamar mai ba jariri magani. Ya jira har na gama. Da na juya ya fara da "Mama, ni da Bridget mun yi ta tunani," sai ga ni na dawo, wai in duba madara. Na koma, na sake dawowa da ruwan, alhali butar a cike take taf, har sai da ya zubo.

Clive ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Lorna, mun gode. Ko nutsar da mu kike son yi?"

Na sunkuya wajen Thelma kamar mai gyara mata faranti, na ce a kunnenta, "Madam, ko in raka ki waje ki sha iska? Ƙofar gefe a buɗe take." Ta san abin da nake nufi. Taku kaɗan ne tsakaninta da bakin titi, inda za ta iya buɗe maƙogwaro ta gaya wa ɗanta abin da ta saba gaya masa.

Ta dube ni irin kallon da take mini ina sabuwa. "Ba a gama ba, 'yar nan. Ko sikon ba a taɓa ba. Kuma ki daina shawagi a kan baƙi."

Na ja da baya. Me zan yi?

Mai fiyano ya kai ƙarshen kiɗansa ya tsaya yana juya takarda, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar cokula. A cikin shirun nan Clive ya yi maganarsa, a hankali, yana kallon ƙyallen tebur. Sun samo mata ɗaki. Tagarsa na kallon lambu, babu matakala, akwai mai duba ta dare da rana. Ba ya iya barci tun da ta faɗi, in waya ta yi ƙara sai ya ɗauka ita ce. Wannan na yarda gaskiya ya faɗa, don muryarsa rawa take. Abin da ya biyo baya ne ban yafe masa ba har yau.

"Amma ba za mu yi komai ba sai da yardarki, Mama. In ba kya so, ki faɗa. Ki faɗa yanzu, a nan, magana ta ƙare."

Matan nan biyu na teburina sun daina tauna. Shugabanmu yana tsaye a bakin ƙofa, hannuwa a baya. Thelma ta ɗaga kai ta dubi ɗakin, daga fitilun sama har labule, har tebura da ta san ƙafar kowanne. Na ga leɓunanta sun haɗu sun rabu. A zuciyata ina ta cewa faɗi, Thelma, faɗi, ki fasa musu butar ma in kin ga dama, ni zan share.

Ta ajiye kofinta a kan ɗan farantinsa, ko ƙas bai yi ba.

"Kun kyauta," ta ce. "Na gode da kuka yi tunanina."

Bridget ta dafa hannunta ta dubi mijinta. "Ka ji ko? Ai na gaya maka za ta fahimta." Mai fiyano ya ci gaba da kiɗa. Clive ya sauke ajiyar zuciya, ya jawo faranti, sai ga shi yana ci kamar wanda ya kwana da yunwa. Thelma ta raba sikon ɗinta da hannu, ta shafa jam da kirim, ta cinye shi tas, ta ɗauki kek ɗaya don kada a ce ta raina. Da aka gama ta ajiye adikonta a gefen hagu.

Ni na sa mata kwat a bakin ƙofa, su biyun sun tafi ɗauko mota. Raina a ɓace yake, na kasa riƙewa.

"Me ya hana ki cewa a'a?"

"A ɗakin?" Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe a kasuwa.

"To ki faɗa a mota. Ki faɗa a gida."

"Na riga na amsa a gaban mutane, Lorna." Ta ɓalle maɓallin da na sa mata ba daidai ba, ta gyara. "Kin ɗiga ruwa a ƙyallen tebur, gefen Clive. A cire shi kafin baƙin gaba."

Kafin ganyen itatuwa ya gama zuba an kafa allon sayarwa a ƙofar gidan Starbeck. Waɗanda suka saya sun tuge furannin Wilf sun shimfiɗa siminti.

Nakan je wurinta ranar hutuna. Gidan tsofaffin ba laifi, da tsabta, tagar ma da gaske lambu take kallo. Zuwana na ƙarshe muna zaune a falo, talabijin na ta ihu babu mai kallo, sai wata ma'aikaciya ta turo keken shayi. Daga wani babban tulu take zubawa, an riga an gauraya madara da sukari, cikin kofin roba mai hannu biyu da murfi. Ta miƙo wa Thelma.

Thelma ta dubi kofin. Sai ta buɗe murya, muryar nan tata ta kasuwar kifi da na daɗe ban ji ba.

"A'a. Ba na so. Na ce a'a."

Tsofaffin da ke gyangyaɗi suka farka. Matar ta yi dariya ta shafa mata kafaɗa. "To, yau Thelma tamu rigima take ji. Sha da zafinsa, kin ji, 'yar lele." Ta ajiye kofin a gabanta, ta tura kekenta wajen na gaba.