Buhun Ƙyallayen Goggo

Goggo, yayar babana, shekara arba'in ta yi a kan keken ɗinki. Tana da wata ɗabi'a da muke mata tsiya a kai: duk kayan da ta ɗinka, sai ta yanki ƙyalle kamar tafin hannu ta jefa a buhun da ke ƙarƙashin teburinta. In ka tambaye ta abin da ya faru bara, sai ta yi ta kame-kame. Amma ka miƙa mata ƙyalle ta murza tsakanin yatsu, to nemi wurin zama. Za ta gaya maka mai rigar, da ruwan da aka sheƙa ranar, har da faɗan da suka yi kan wuyan da ya matse.

Da mantuwa ta fara cin ƙarfinta, na ɗauko ta ta dawo gidana. Ni uwar iyayi, na je na share shagon ɗinkinta tas. Buhun ya yi ƙura, ɓeraye sun huda gindinsa, ko buɗewa ban yi ba na miƙa wa masu kwasar shara.

Kwana uku sai ta ce, "Ina buhuna? Akwai shuɗin yadin rigar mai gidana a ciki. Sai na taɓa shi nake ganin fuskarsa."

Mijin ya rasu tun ba a haife ni ba, ko hotonsa babu. Na ruga wurin wani tela na tsinto shuɗin ƙyalle, wai ni mai dabara. Ta shafa bakinsa sau ɗaya ta ajiye. "Wannan ba yankan almakashina ba ne." Ba ta yi faɗa ba. Da ma zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Bayan wata biyu, ina taje mata kai, ta ce, "'Yar nan, mai gidana dogo ne ko gajere?"

Kunya ta hana ni cewa ban sani ba. Na ce dogo ne. Daga ranar duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ba shi labarin dogon mijinta, yadda yake sunkuyawa in zai shigo shago. Sunkuyawar ita ta ƙara abinta, kuma har ga Allah gani take ta tuna.

Ranar da babana ya ji, ya ja ni gefe. "Wa ya gaya wa Yaya haka? Mutumin da ko kafaɗarta bai kai ba."

Har ta rasu ban iya gyara mata ba. Mutumin da take kwatantawa tana share hawaye, ni na ƙirƙiro shi.