Anicetas, Mai Ɗaura wa Amya Baƙin Ƙyalle

Ranar da na dawo Silupe bayan shekarun da na yi ina karatu a Kanada, babu wanda ya kira ni da sunana. Tsofaffin ƙauyenmu sun yi murna, sun rungume ni, sun cika mini ciki da dankali da baƙin burodi, amma kowa sai ya ce "ke" ko "'yar nan". A gidan Goggo Tekle, maƙwabciyar mahaifiyata marigayiya, an ajiye mini kwano a can ƙarshen tebur kusa da taga, inda muke ajiye wa matattu nasu abincin a bikin kaka. Na ɗauka tsufa ne ya ruɗa ta. Da na jawo kwanon tsakiya, sai ta mayar da shi a hankali, ta ce in je in tambayi Anicetas, shi ya ƙulla, shi zai kwance.

Anicetas Rimgaila mai kiwon zuma ne, kamar ubansa Morkus. Amyoyinsa suna kan tudun da ke bayan ƙauye, ƙarƙashin tsofaffin itatuwan da kakanninmu suke kunna wuta a gindinsu tun kafin coci ta iso Lituwaniya. Ranar Lahadi yakan je coci kamar kowa, ya zauna a baya. Amma yana da nasa ra'ayin game da yadda ya kamata a mulki mutane, kuma bai taɓa ɓoye shi ba. A wajensa ƙasa ta waɗanda ke kwance cikinta ce, masu rai gadi kawai suke yi. Abu mai rai ba a sayar da shi. Kuma ba a yanke wata babbar magana sai an sanar da mamata, domin sun fi mu yawa, sun fi mu daɗewa a nan. Hanyar sanar da su ita ce ƙudan zuma. Mutum zai ƙwanƙwasa amya, ya faɗi maganar, ya kanga kunne. In ƙugin ya yi ƙasa, sun yarda. In ya yi sama, a bar maganar.

A zamanin Sobiyet aka fara gwada wannan ra'ayi nasa. An haɗe gonakin kowa aka yi gandun gwamnati, aka ba shi aikin kula da zumar gandun. Yakan ce 'yan gurguzu sun gane rabin gaskiya, sun san ƙasa ba ta mutum ɗaya ba ce, sai dai sun yi kuskuren mai ita. Da aka sa shi cikin kwamitin gandu, duk lokacin da za a ɗaga hannu sai ya nemi izinin zagayawa. Zai hau tudu, ya dawo da ciyawa a takalmi, sannan ya ɗaga hannunsa ko ya bar shi a cinya. Shugaban gandun ya daɗe yana masa tayin maganin mafitsara kafin wani ya raɗa masa gaskiya. Bai kai ƙara ba, domin zumar Silupe ce yake aika wa manyansa a birni.

Shekarar da aka zo da manyan injuna ana rushe gidajen da ke warwatse cikin gonaki, ana daidaita ƙasa, tudun ma yana cikin abin da za a share. Anicetas bai yi gardama da kowa ba. Ya kwashe amyoyin gandu duka ya jera su a kan tudun, har bakin hanyar da injin zai bi. Direban ya zo, ya kashe inji, ya tsaya yana kallo. Ya ce da yamma a mashaya bai ji tsoron harbin ƙudan zuma ba, abin da ya mayar da shi shi ne babu ƙuda ko ɗaya a sama, rana tsaka, furanni a buɗe, duk suna cikin amyoyin suna wani ƙugi kamar mutane na magana a bayan ƙofa.

Da gwamnatin nan ta faɗi aka raba kayan gandu, kowa ya ja abin da hannunsa ya kai, wani saniya, wani kwanon rufi, wani ƙofar ofis. Anicetas aka ba tudun da amyoyin, da takarda mai sunansa. Ya ce waɗannan ma rabin gaskiya suka gane, sun ƙwace daga hannun da bai dace ba, sun miƙa wa wani hannun da bai dace ba. Sai ya tayar da tsohuwar al'adarmu ta abotar zuma. Ba a sayen ƙudan zuma a wajenmu, ba ka ake yi, daga ranar kai da wanda ya ba ka kun zama kamar 'yan'uwa, kuna raba abin da amyar ta bayar. Ya bi gida-gida ya ba kowa amya, amma ya bar su a kan tudun. Ta haka kowane gida ya zama yana da abin karewa a can, kuma duk shekara lokacin ɗibar zuma akan taru a gindin itatuwan a tattauna al'amuran ƙauye, wa zai gyara gada, wa ya ci iyakar wa. Mutanen birni da suka fara zuwa da mota neman zuma yakan ce musu kwalbar yake sayarwa, abin da ke ciki kyauta ne. Goggo Tekle ta ce ba ta taɓa ganin kwalba mai tsadar tasa ba.

Matsalar ta samo asali ne daga wani abu da ya gada. In mutum ya mutu, dole a gaya wa ƙudan gidansu, a ɗaura baƙin ƙyalle a jikin amyar, in ba haka ba za su yi ta jiransa har su ƙare. Lokacin da ake kwasar mutanenmu a jiragen ƙasa zuwa Sibiriya, babu gawa, babu kabari, sai ubansa Morkus ya yanke cewa duk wanda ya tsallake iyaka a sanar da shi kamar mamaci. Daga ƙauyenmu babu wanda ya dawo ya ƙaryata shi. Anicetas ya riƙe wannan a matsayin doka. Da aka buɗe iyakokin Turai matasa suka fara tafiya aikin kifi a Norway da aikin gini a Ingila, sai ya ci gaba da abin da ya sani. Yarinya za ta hau bas da safe, kafin azahar ya ƙwanƙwasa amyar gidansu ya ɗaura ƙyalle. Ɗansa na cikinsa ma haka ya yi masa.

Na hau tudun na same shi yana kankare katako. Ban taɓa ganin wuri mai shiru irin wannan da rana ba. Kusan kowace amya tana da ƙyallaye, wasu sun koɗe sun zama toka-toka, wasu sababbi, iska tana kaɗa su gefe ɗaya. Ya nuna mini nawa a amyar mahaifiyata, kusa da nata. Nawa ya fi nata tsufa.

Na tambaye shi ko bai ji muryata a waya ba duk waɗannan shekarun. Ya ce ya ji, amma murya ba shaida ba ce, shi da yake jin ubansa duk bazara.

A hankali na gane abin da wannan ya jawo. Waɗanda suka tafi ba su da bakin magana a taron tudu, ko sun zo hutu. Suna cikin ɓangaren da ake ji ta amya, kuma kunne ɗaya ne ake yarda da shi a ƙauyen. Kullum masu rai suna raguwa, ɓangaren Anicetas yana ƙaruwa. Ba na jin mulki yake so, domin sau da yawa ƙudan sun ƙi abin da shi kansa ya kawo, ya sauko yana ƙunƙuni. Amma Goggo Tekle ba ta raga masa.

"Ranka ya daɗe shugaban matattu," takan ce in ya shigo shan shayi. "Yau me jama'arka suka ce? Ko Stalin bai taɓa cin zaɓe da yawan da kake ci ba."

"Ki ci gaba, tsohuwa. Kin kusa shigowa jam'iyyata."

"Ni? Sai na ɗaura maka naka tukuna."

A lokacin wani kamfanin noma ya riga ya karɓe gonakin da ke kewaye, yana shuka wani tsiro mai furen rawaya da ake matse mai daga gare shi. Saura tudun, wanda ke tsaye a tsakiyar filinsu yana hana injin miƙewa. Anicetas ya haura tamanin. A ganina ranar da ya faɗi, ɗansa zai sa hannu a sayar daga can inda yake, ba don mugunta ba, don ba shi da abin yi da tudu. Na ce masa ya rubuta wasiyya ya bar wa ƙauye. Ya ce wannan mai sauƙi ne, ya riga ya yi, amma takarda ba ta ɗibar zuma. In babu mai rai da ƙudan suka yarda da shi, za su watse a bazara ɗaya, kuma tudun da babu ƙuda tsofaffi da kansu za su bayar da shi. Yana bukatar matashi da zai ba amanar. Duk ƙauyen ni kaɗai ce ƙasa da shekara sittin, ni kuwa ya riga ya kai ni wancan ɓangaren da hannunsa. Ba a ba mamaci amya.

Ya gwada hanya mai sauƙi. Ya kai ni gaban amyar mahaifiyata, ya ƙwanƙwasa, ya ce Milda 'yar Ona, wato ni, ta dawo. Ni ban iya karanta ƙugi ba, amma ko ni na ji ya tashi sama, siriri, har haƙorana suka amsa. Ya ja da baya. Ya ce ubansa ya koya masa yadda ake kai mutum, bai koya masa yadda ake dawo da shi ba, domin bukatar hakan ba ta taɓa tasowa ba.

Makonni ya yi ba ya sauka shan shayi. Ni kuma na riƙa hawa ina taya shi aiki, ina riƙe masa tukunyar hayaƙi, ina koyon abin da zan iya. Bai hana ni ba. Ya ce matattu ma ai suna taya shi.

Ranar ɗibar zuma tsofaffi suka taru a gindin itatuwan, aka shimfiɗa mayafi, aka yanka farin cuku da kokwamba don dangwala sabuwar zuma. Kafin a fara magana Anicetas ya miƙe sanye da farar rigar da yake zuwa coci da ita. Ya ce ya gano inda ya kuskure, ya je karɓar mutum hannu wofi. Ko maƙwabci ba ka ɗauke masa mutum daga tebur ka bar kujera babu kowa. Ya tafi amyar mahaifiyata ya kwance ƙyallena, ya ratsa zuwa tsohuwar amyar ubansa ya ɗaura shi a can. Sannan ya ƙwanƙwasa.

"Anicetas ɗan Morkus ya tafi," ya ce, da muryar da yake faɗin na kowa. "Kada ku jira shi. Milda 'yar Ona ta zauna a gurbinsa."

Babu wanda ya motsa. Ƙugin ya yi ƙasa, ba a amya ɗaya ba, har na ji shi a tafin ƙafata. Goggo Tekle ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta goge ido da bakin ɗankwali, ta ce, "Milda, zo ki zauna nan tsakiya." Sannan ta ɗauki kwanon Anicetas ta kai ƙarshen mayafin. Ya bi kwanon ya zauna. Aka yi maganar gada, ya buɗe baki sau ɗaya ya rufe.

Har yau yana nan. Yana faskaren itace, yana zuwa coci, likita ta ce zuciyarsa ƙalau. Amma babu mai kiran sunansa, kuma in ana so a yi masa magana sai a fuskanci taga. Goggo Tekle ta daina tsokanarsa, wannan ne nake jin ya fi damunsa. Wani lokaci takan ce wa tagar, "Akwai shayi, in akwai mai so."

Da kaka ta shigo wakilin kamfanin ya zo, saurayi mai ladabi. Ya same mu a ɗakin girkin Goggo Tekle, ya nemi Malam Rimgaila. Ta ce masa ya rasu lokacin ɗibar zuma. Ya yi ta'aziyya, ya kuma gaida tsohon da ke zaune kusa da taga yana feraye dankali. Tsohon ya gyaɗa kai. Saurayin ya tambayi wa zai yi magana da shi yanzu, aka nuna ni. Ya yi bayani mai kyau, ya ce za su bar itatuwan, za su kai amyoyin bakin daji, za su gyara gadar ma. Ba maganar banza ba ce, kuma gadar tana bukatar gyara. Na ce ya jira ni.

Na hau tudun ni kaɗai. Na yi shekaru ina koyon auna hujja da hujja, kuma ba zan ce na yarda mahaifiyata tana cikin akwatin katako ba. Duk da haka na durƙusa gaban amyar Morkus, na ƙwanƙwasa, na faɗi maganar yadda saurayin ya faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba. Na kanga kunne. Ƙugin ya tashi sama, kuma can ƙarƙashinsa akwai wani sauti daban, kamar tsoho yana gyaran murya kafin ya yi gardama.

Na sauko na ce wa saurayin ba a yarda ba. Ya tambaye ni su wa suka ƙi, tunda bai ga an yi taro ba. Na ce mafi yawanmu. A bakin taga wuƙar ta ci gaba da zagaya dankalin.