Moɗar da Na Kasa Kaiwa Baki

A lokacin ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata hukuma a nan Abuja, ina da digiri biyu da takalmi mai sheƙi, kullum ina bin motar Kubwa. Aikina shi ne ɗebo ruwan koguna da na sama a kwalabe, mu sa a na'ura mu auna rediyeshan, wato wata guba da wasu duwatsu ke fitarwa, ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Mai sha ba zai taɓa ganewa ba. Mu aka ɗora wa ganewar.

A farkon wata damina aka ƙara mini wani rafi can bayan garin Uke, inda masu haƙar ma'adinai ke wanke ƙasarsu daga sama, manoma kuma suna sha daga ƙasa. Hanyar ta zama kamar kunu. Na tsaya a Uke, na ci soyayyen kifi, na dubi hadari, na dubi takalmina, sai na cika kwalaben a wani famfo na bakin titi, na rubuta musu sunan rafin. Na ce wa kaina ai ruwa ruwa ne, alhali na ci jarrabawa a kan cewa ba haka ba ne. Na'ura ta ce lafiya lau, na sa hannu a fom ɗin rahoto. Haka na dinga yi har damina ta fita.

Ina hutu wata abokiyar aikina ta je ta shiga rafin da ƙafarta, ta ɗebo ruwansa. Abin da na'ura ta nuna sai da ya sa oga ya cire tabarau. Aka ɗauka sabon abu ne, aka tura ni in sake ɗebowa. Mai unguwar ƙauyen, dattijo mai barkwanci, ya tarbe ni da cewa yau dai oga likitan ruwa ya tuna da talakawa. Ya ce tun da takardarmu ta iso cewa rafin kalau yake, matansu suka huta da doguwar tafiya zuwa rijiyar burtsatse, Allah ya yi mini albarka. Sannan ya sa aka kawo mini ruwan baƙo a moɗa, daga randar da jikokinsa ke sha. Na riƙe, na kasa ɗagawa. Ya yi dariya, ya tambaya ko cikin 'yan Abuja ba ya karɓar ruwa sai na leda. Na ce masa Baba ya gafarce ni, ƙafata ba ta taɓa taka rafinsu ba sai yau. Bai zage ni ba, da ya fi mini sauƙi. Ya karɓi moɗar ya zubar a ƙasa, ya tambaye ni wata nawa ke nan suna sha, kuma me zai same su. Tambayar farko na san amsarta. Ta biyu har yau ba ni da ita.

Na rubuta wa oga gaskiya, na rasa kujerata, matan suka koma burtsatse. Amma ko yaushe na ji an ce wani ba shi da lafiya a wannan yanki, sai zama ya gagare ni.

Duk wanda aka aika ya dubo wa jama'a abin da ba sa iya gani da idonsu, don Allah ya isa wurin, ko da takalmi zai lalace. In ya kasa, ya rubuta cewa ya kasa. Da fom ɗina ya koma babu komai a kai, da matan nan ba su daina zuwa burtsatse ba.