Yaya Bello da Gansakukar Randar Inna

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar yayana Bello, malamin kimiyya a Talata Mafara, amma har yau in na tuna shi dariya ke riga hawaye zuwa. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Mutum ne da ya tafi karatu bakin teku, ya dawo mana da zance guda: yadda ciyawar teku ke kama dutse. Wai ƙwayar irinta, wadda ido ba ya gani, iyo take yi da 'yan gashi huɗu, tana taɓa wuri tana bari kamar mai zaɓen tukunya a kasuwa. In ta sami inda ya yi mata, sai ta fesar da wani danƙo daga cikinta, ya kumbura a ruwa ya daskare, ta zauna ke nan har ta tsiro. To, mu ina muka ga teku a Zamfara? Sai ya koma wa randar Inna, mahaifiyarmu. Ya roƙe ta ta bar gefe guda kada ta dirje, don yana kankaro gansakuka yana kai wa ɗalibansa su duba a madubin ƙara girma. Inna ta bi shi da tsintsiya har zaure, wai boko ya mai da mata ɗa mai kiwon ƙazanta. Amma fa gefen nan ba ta ƙara taɓa shi ba.

Da yana raye bana, da ya sha kallo. Ɗiyarsa Hafsatu, wadda ya bari a goye, ta sami gurbin karatun halittun ruwa can kudu, bakin teku. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Inna kuwa ta kafe: teku ya raba ta da ɗanta shekaru, ba za ta ba shi jika ba. Kawunmu na Bakura ya zo, na Maradun ya aiko, duk a banza. Ni kam na tsorata, don lokacin rajista na ƙurewa, yarinya har ta daina cin abinci.

Da dabara ta ƙare, na ce Hafsatu ta zauna ta gaya wa kakarta abin da za ta karanta. Ta fara, hannu na yawo, tana haɗiye kalmomi don ɗoki. Wallahi Bello ne sak, ita da ba ta san muryarsa ba. Bai bar mata gida ba, bai bar mata gona ba, ashe wannan zumuɗin ya bari, kuma ya isa gado.

Inna ta share ido da bakin mayafi, ta dube ni.

"Ke Rabi, ku kai ta. Amma ta zo min da ruwan tekun nan cikin kwalba, in ga abin da ya haukata min ɗa da jika."