Mantuwar Malam Bala Mai Raba Layi

Malam Bala mutumin Dilimi ne, jikan waɗanda suka zo haƙar kuza. A ƙaramar tasharmu ta kusa da Tina Junction, inda nake magatakarda, shi ke raba wa direbobi layin lodi. Da ka yake aikin, ba ya kuskure.

A damunar 2004 ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙungiyar direbobi ta ce za ta ajiye masa gurbinsa muddin hankalinsa na nan. Mataimakinsa Sharafaddeen, wanda shi ya koya wa aikin, ya riƙe kafin ya warke.

Ƙafa ta fara takuwa, amma kai ya rikice. Yakan kira matarsa Maimunatu da sunan yayarsa, ya yi gyangyaɗi da loma a hannu. Sharafaddeen ba ya fashin dubiya, kullum da magani daga kemis. Shi ke kawo mana labari: "Oga fa kai ya tafi, sai addu'a." Aka tabbatar wa Sharafaddeen da gurbin.

Ni na raka Malam Bala da matarsa asibiti. Likita Pwajok ya duba hoton ƙwaƙwalwa, bai ga sabuwar illa ba. Ya auna suga da hawan jini, ya tambaya ko jinsa ya ragu, ko yakan keɓe yana kuka. Babu ko ɗaya.

Ya ce wa Maimunatu, "Mama, ki kawo min duk abin da yake haɗiya, har na 'yan dubiya."

Washegari ta zazzage leda a kan tebur. Likita ya tsinci wasu ƙananan ƙwayoyi.

"Wa ya ba shi wannan? Maganin barci ne mai ƙarfi!"

"Yaronsa Sharafaddeen ne, wai na ƙarin kuzari. Ai ba a tuhumar abin da ɗan dubiya ya kawo, likita."

Aka janye ƙwayoyin sannu a hankali, yawancin hankalinsa ya dawo. Da na tambayi Sharafaddeen, ko ɗago kai bai yi ba.

"Haba Malam, hutu nake so ya samu."

Ƙungiya ta ce ba a tuɓe wanda aka riga aka naɗa. Ni aka aika in sanar da Malam Bala. Ya saurare ni har ƙarshe, ya fahimci komai.

"Malam," in ji shi, "da kun bar ni cikin mantuwata."