Delbert da Kwalabe Arba'in da Takwas

A unguwarmu da ke garin Wausau, in aka ambaci Delbert Zastrow, ba wanda ke tuna shekara talatin da ya yi yana raba wasiƙu. Ranar da giyarsa ta tsare shi ake tunawa.

A bokiti ya haɗa ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, yadda rabin mazan layinmu ke yi. Kwana biyar, ɗan bututun da ke kan murfin ya daina ɓulɓul. Delbert ya ce ta nuna, ya ɗura kwalabe arba'in da takwas, ya jera su a kanta gefen matakala. Ashe sanyi ne ya sa yis ɗin barci. Da ɗumi ya shigo, ya farka ya ci gaba da aikinsa a cikin kwalba, iska na ta taruwa.

Wata Asabar da hantsi ya sauka ɗauko guduma, sai tas! Kwalbar farko ta fashe, ta biyu ta amsa. Hanyar fita ɗaya ce, ta gaban kantar. Awa uku yana tsugune bayan injin wanki da tukunya kife a ka.

Matarsa Marlys ta leƙo daga sama. "Del, kana da rai?"

"Da ɗan saura."

"To saurara da kyau, tsoho. Ɗaya ta sake fashewa a gidan nan, bokitinka da tukunyarka sai gwanjon coci."

Tun ranar bai ƙara yarda da ɓulɓul ba. Ya sayi ma'aunin gilashi mai nuna sukarin da ya rage, ya kafa doka: sai lamba ta tsaya cak kwana uku a jere. In ta motsa, a koma farko. Muddin giya na bokiti, Delbert ba ya barin gari. Bikin 'yar ƙaninsa ma da ƙyar aka ja shi.

Bana, ranar buɗe kamun kifi, wan Marlys, Norbert, ya iso da kwalekwale a bayan mota don su tafi tare. Delbert ya hauro yana goge ma'auni.

"Lambar ta sauka ɗigo ɗaya. Ba inda za ni."

"Ɗigo ɗaya! Haba suruki, kwana tara fa ba ta ce uffan ba. Wai kai ke tsaron giyar, ko ita ke tsaronka?"

Delbert ya waiwaya wajen kicin, ya rage murya.

"Norb, shekara arba'in ina zaune da ƙanwarka. In ta yi shiru, ka taɓa jin na ce ta gama?"