Zoɓon Maigatari a Bakin Tafki

Ina cikin LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, na dawo daga makaranta, kaina a sunkuye kan wani littafin soyayya, sai Umma ta kira ni. Ba ta yi sallama ba, ta ce Anti Bilki ta cika, in wuce gida kai tsaye. Bakina ya furta innalillahi tun kafin zuciyata ta gane abin da aka faɗa. Har jirgin ya wuce tasharmu ban tashi ba.

Anti Bilki ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini. Karatun digiri na uku kan ilimin abinci ne ya kawo ta Kuala Lumpur, ta zauna a benen da ke saman namu a unguwar Setapak tare da mijinta, Kawu Lawan, da 'yarsu Amira. 'Yar Maigatari ce, kuma ba a yin minti kaɗan da ita ba a san haka ba.

Duk bayan Sallah takan tara iyalanmu a bakin tafkin Titiwangsa. A shimfiɗa tabarmi, maza su yo tapau, wato ƙunshin abinci, daga shagon mamak, Indiyawa Musulmi masu sayar da abinci da shayi, ita kuwa ta zo da fulas-fulas na zoɓo. Akwai na gonar mahaifiyarta, akwai na Katsina da take roƙon masu dawowa daga hutu su riƙo mata, akwai na Sudan daga kantin Larabawa a Bukit Bintang, da kuma wanda ake nomawa nan Malesiya. Kawu Lawan ne ke zubawa a gida, shi kaɗai ya san wanne ne a wane fulas. Dokarta ita ce kofin farko ba sukari, ba citta, ba kanumfari. Takan ce sukari lulluɓi ne, a bari a fara ganin fuskar zoɓon tukuna.

Abbana kullum sai ya yamutse fuska ya ce duk tsaminsu ɗaya. Ita kuma ta ce ai ba laifinsa ba ne, shayin madarar mamak ya gama kashe masa harshe. Ita ba ta taɓa kuskure ba. Kurɓa ɗaya, ta rufe ido, ta ce wannan na Sudan ne, baƙi ne amma ba shi da zuciya. Wannan na nan ne, ruwan sama ya yi masa yawa. Wannan kuwa namu ne. In ta ce namu, muryarta har sauyawa take yi.

Ni a nan na girma, Hausata ma da ƙyar take fita a cikin mutane, don haka nakan koma bayan tabarma da littafina. Wata shekara ta zare littafin daga hannuna ta sa kofi a madadinsa, ta ce in gaya mata abin da na ji. Cikin jin kunya na ce kamar mutumin da ya yi fushi da kai amma bai daina sonka ba. Kowa ya yi dariya ban da ita. Ta ce littattafan nan dai ba a banza nake karanta su ba, wannan na Maigatari ne. Daga ranar ta koya mini: tsaminsa yana fara da kaifi, sai ya bar ɗan bauri a bayan harshe, kamar ƙamshin ƙasa busasshiya.

A Sallar da ta wuce, ciwon daji ya riga ya cinye ta. Likitoci sun ce ba za ta iya doguwar tafiyar jirgi ba, kuma ta san ma'anar hakan. Duk da haka ta dage sai an fita. Aka jera kofuna, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe, sannan ta ɗaga na Malesiya ta ce wannan ne namu.

Na riga na ɗanɗana, na san ba shi ba ne. Kawu Lawan ya yi saurin cewa ta canka daidai kamar kullum, har yana tafi. Ta dube shi, sannan ta juyo gare ni.

"Nusaiba, ke ba ki iya ƙarya ba. Wanne ne?"

Umma tana ta ƙifta mini ido. Na kasa ɗaga kai, amma na tura mata kofin da ke gefen hagunta. Ta riƙe shi da hannu biyu ta shanye tas.

"Maganin nan ya tafi da bakina tun azumi," in ji ta. "Ruwa kawai nake ji. Amma tunda kin ce shi ne, to na sha gida."

Sannan ta ce a zuba sukari a ba yara.

A nan Malesiya aka binne ta, cikin jar ƙasa mai danshi, nesa da mahaifiyarta da ba ta samu ganin fuskarta ba. Ranar zaman makoki mata suka buɗe sauran buhun zoɓonta na Maigatari suka dafa wa masu ta'aziyya, da sukari da abarba. Kafin su juye na ɗebi cikin hannu na ƙulle a gefen hijabina. Na Amira ne. Yanzu da Turanci take amsa kowa, amma watarana za ta tambayi yadda garin uwarta yake, kuma ba ni da wata amsar sai wannan.

Allah ya jiƙan Anti Bilki, ya yafe mata, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Ya sanyaya mata wannan baƙuwar ƙasa da ta kwanta a ciki. Ya ba Kawu Lawan haƙuri, ya raya Amira, ya dafa wa tsohuwar da ke Maigatari. Ya kuma shayar da ita daga tafkin Alkausara, ya mayar mata da harshenta ta ji daɗinsa. Amin.